Na ba ta fil ɗin da na ƙera, sai na gan shi a kafaɗar wata

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma nan ne na san za a fahimce ni, tunda duk cikinmu daga mai ƙera fil ɗin ado sai mai saka shi. Akwai wanda na yi wa wata ƙawata. Farantin tagulla na yanka siffar ganye, na fitar masa da jijiyoyi da kan ƙusa da guduma, ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗaura wasu ƙananan duwatsu koraye a gindin ganyen da siririyar waya. Dominta na yi shi tun daga farko. Na san kore take so, na kuma san mayafanta marasa kauri ne, shi ya sa na yi ta goge farantin har ya yi shafal. Ta karɓa da murna, ta saka, har hoto ta turo mini.

Kwanakin baya sai ga shi a kafaɗar wata mata da ban taɓa gani ba. Tun daga nesa na shaida shi, don ba shi da na biyu. Na ce mata fil ɗin nan ya yi kyau, ta ce ai wance ce ta ba ta, ta ambaci sunan ƙawata. Na yi murmushi na wuce, amma wallahi raina ya sosu. Ina da hujjar jin zafi, ko kuwa abin da ya bar hannunka ya bar shi ke nan?

Anti Larai:
Wa alaikumus salam. Kina da hujja mana, Maman Hanan. Wanda ya sayo miki abu kuɗinsa ya ba ki, wanda ya zauna ya ƙera miki kuwa idonsa da bayansa da barcinsa ya ba ki. Ni da zare da duwatsu nake aiki, na san yadda wuya ke ƙagewa kafin a gama fure ɗaya. Ko ba komai ai ta faɗa miki kafin ta bayar. Da ni ce, ba zan ƙara yi mata ba.

Malam Habu:
Anti Larai, a yi mini afuwa, ban goyi bayan wannan ba. Na daɗe ina aikin azurfa, kuma babu maganar da ke kashe mini jiki kamar in ji an ce, "Ai wanda ka yi mini yana nan, na adana shi a akwati." Azurfa in ta zauna ba a taɓa ta baƙi take yi, mai ita kuma ya manta da ita. Naki kuwa, Maman Hanan, kin gan shi a waje, a kafaɗar mutum, yana aikin da aka yi shi dominsa. Wata ta gani ta yaba, ta karɓa, ta fita da shi cikin jama'a. A wurina wannan shaida ce cewa hannunki ya faɗa.

Ku duba Alexander Calder, ɗan Amurkan nan mai ƙera siffofin ƙarfe da ke lilo a iska. Ban da manyan ayyukansa, ya yi kayan ado sama da 1,800 kafin rasuwarsa a 1976, akasari da wayar tagulla da ta azurfa. Lanƙwasawa yake yi ya daddale da guduma, ba ya ma yin liƙi da wuta. Da yawansu kyauta ya yi wa matarsa da dangi da abokai. Tun tuni wasu suka bar hannun waɗanda ya ba, kuma ta haka ne ire-irenmu muka san da su.

Zulai:
Malam, misalin nan naka baki biyu gare shi. Calder ɗin ya yi wa mai zane Georgia O'Keeffe fil na tagulla da haruffan farko na sunanta, O da K, kuma ana ganinsa a ƙirjinta a hotuna da yawa har tsufanta. Ba ta cire ta miƙa wa wata don ta yaba ba. Akwai abin da ake yi wa duk wanda ya so, akwai wanda ake aunawa da mutum ɗaya tak. Na Maman Hanan irin na biyun ne: launin da ƙawar ke so, nauyin da mayafinta zai ɗauka. Kai kana magana ne a kan makomar fil ɗin, ita kuma tana magana a kan zumuncinsu.

Bashir:
Ni ba na ƙerawa, sakawa kawai nake yi a wuyan kwat, amma bari in faɗi abin da na lura da shi. A cikin kayan ado kaf babu mai saurin canza hannu kamar fil. Zobe sai ya dace da yatsa. Awarwaro sai ya shiga hannu. Ɗan kunne sai da huda, kuma ba kowa ke son saka wanda ya shiga kunnen wani ba. Fil ba ruwansa da ƙiba ko rama, ba ruwansa da namiji ko mace, a jikin tufa yake zama. Cire shi kuma kamar ƙiftawar ido. To idan mutum ya tsaya gabanka yana ta yabawa, hannunka na iya kaiwa kafin tunaninka ya iso. Ina jin abin da ya sami ƙawarki ke nan, ban ga raini a ciki ba.

Wani abu kuma: mai saka fil ba ya ganinsa. Zobe kana kallonsa a hannunka duk yini. Fil jama'a yake fuskanta, su ke morarsa. Da na fara saka wani na baƙin katako mai ɗigon azurfa a tsakiya, mutanen da gaisuwa kawai ke haɗa mu a wurin aiki suka fara tsayawa suna tambaya, wannan na mene ne, wa ya yi maka? Wani dattijo da kowa ke shakkarsa har sai da ya sa na cire masa ya juya bayan ya duba.

Hajiya Mairo:
Bashir ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Fil magana yake yi. Kun tuna Madeleine Albright, wadda ta riƙe sakatariyar harkokin wajen Amurka daga 1997 zuwa 2001? Tun tana jakadiya a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1994, jaridun gwamnatin Iraƙi suka buga waƙa suna kiranta macijiya. Da za ta gana da jami'an ƙasar sai ta maƙala fil mai siffar maciji. Daga nan abin ya zame mata jiki: ranar da take ganin al'amura za su yi daɗi ta saka fure ko malam-buɗe-littafi, ranar da za a ja daga ta saka zanzaro. A 2009 aka baje fiye da 200 daga cikinsu a wani gidan adana kayan fasaha a birnin Niyok.

Haka Lady Hale, shugabar Kotun Ƙolin Birtaniya a wancan lokacin, ranar 24 ga Satumba 2019, lokacin da ta karanta hukuncin cewa dakatar da majalisar da Boris Johnson ya sa aka yi ya saɓa wa doka. Ƙaton gizo-gizo ne a kafaɗarta, duniya ta ɗauka, kowa da fassararsa. Daga baya ta ce ita ba ta nufi komai da shi ba. Abin da ke fita yana yi wa mutane magana irin haka, Maman Hanan, da wuya ya zauna wuri ɗaya.

Anti Larai:
Hajiya, ai a cikin tarin na Albright ɗin, wanda take ji da shi sosai wata 'yar zuciya ce ta yumɓu da 'yarta ta yi mata tana shekara 5. Ba zinariya ba ce, ba lu'ulu'u ba ne. Ki faɗa mini, da wata ta yaba za ta cire ta ba ta?

Hajiya Mairo:
Wannan kam ba za ta bayar ba. Amma 'ya daban, ƙawa daban.

Maman Hanan:
Na gode muku duka. Na kira ta ɗazu. Ban yi ƙorafi ba, cewa kawai na yi na ga ganyen a wurin wata. Ta ce matar abokiyar aikinta ce, ta daɗe tana jinyar mahaifiyarta. Ranar da ta dawo aiki duk ta zabge, ba ta kula kowa. Suna zaune sai ta kai hannu ta taɓa ganyen ta ce ya yi kyau, kuma wannan ce magana ta farko da ta fito bakinta wadda ba ta asibiti ba. Ƙawata ta ce a lokacin ba ta da abin da ya fi shi daraja a jikinta, shi ya sa ta cire.

Na ji sanyi, ba zan ɓoye ba. Amma akwai sauran rina a kaba. Matar ba ta san ni na yi ba. Da na tsaya gabanta ina yabawa, ba ta san da mai shi take magana ba, sunan ƙawata kaɗai ta sani. Wannan ne yanzu ya fi tsaya mini.

Malam Habu:
Yauwa, yanzu muka zo inda zan iya taimakawa. Kin sa alamarki a bayansa?

Maman Hanan:
A'a Malam, ban taɓa sa wa ko ɗaya ba.

Malam Habu:
To daga yau kada wani abu ya bar teburinki babu ita. Ba sai kin sayi hatimi ba. Tsohuwar ƙusa ki gasa, ki goge kanta da magagari ta zama wata siffa taki, ki riƙa bugawa a baya kafin ki ɗora allura. Ko ki zana haruffan sunanki da shekarar da tsinin ƙarfe. Mai aikin ƙyalle ta yi da zare a kan ƙyallen baya, mai yumɓun roba ta danna kafin ta gasa. Fil zai yi tafiya ko kin so ko ba ki so ba, abin da ke hannunki shi ne ya tafi da sunanki. Léa Stein, Bafaranshiyar nan da ta fara yin fil na roba mai hawa-hawa a Paris a ƙarshen shekarun 1960, mijinta masanin sinadarai yana haɗa mata faya-fayen da yadi ko leshi a tsakaninsu, an fi saninta da wani mai siffar dila. An kwaikwayi aikinta ba adadi. Abin da masu tarawa ke fara dubawa shi ne baya: allurarta mai siffar V da sunanta a jiki.

Ni kullum ina gaya wa yaran da nake koya wa cewa a baya ake gane maƙeri. Gaba kowa zai yi ƙoƙari, don shi ido ke gani. Akwai wani tsohon fil na ƙasar Ailan da ake kira na Tara, wanda aka ƙera wajen ƙarni na 8, aka tsince shi a 1850, yana gidan tarihi a Dablin yanzu. Bayansa da ke manne da tufa, inda babu mai gani sai mai shi, shi ma cike yake da ado. Duk lokacin da na ji kasala wajen gyara baya, shi nake tunawa.

Ummi:
Malam Habu, tunda an zo maganar baya, don Allah a taimaka mini. Sabuwa ce ni, da yumɓun roba nake yi. Na yi wa yayata wani zagayayye mai ruwan bula, ta saka a mayafin shifon. Na farko, kansa ya riƙa sunkuyowa, sai bayan ake gani. Na biyu, da ta cire ya bar mata huda biyu manya, zaren ya ja har ƙasa. Ta ce ba komai, amma tun daga ranar ba ta sake sakawa ba.

Malam Habu:
'Yata, matsala uku ce ta haɗu, kuma duk suna da magani. Sunkuyowar daga inda kika liƙa allurar ne. Na tabbata a tsakiya kika sa. A sama ake sa ta, cikin kashi ɗaya bisa uku na sama, yadda nauyin zai rataya a ƙasanta ya kwanta a jikin tufa. In fil ɗin mai faɗi ne ko dogo, allura biyu ake yi masa daga waya ɗaya da aka lanƙwasa, su riƙe shi ta wuri biyu, ba zai juya ba.

Hudar kuma daga bakin allurar ne. Waɗannan na kanti da ake sayarwa a ƙulle, da yawansu datse su kawai aka yi, bakin yana da kaifi ta gefe, yanka zare yake yi. Allura mai kyau ratsa zare take yi, ta ture su gefe, in an cire su koma. Ki samu takardar yashi mai laushi ki goge bakin ya yi tsini a hankali, ya yi sumul. Gwajin da nake yi: in soka a tsohon siliki in zare. In na ji ya ɗan kama, da saura. Ni da wayar ƙarfen nan da ba ya tsatsa nake yi, mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, don tana da tauri kuma tana komawa inda take in an lanƙwasa ta. Masu aikin wuta su kula, zafi na sa waya ta yi laushi, shi ya sa allura ce ƙarshen abin da ake ɗorawa. Ƙugiyar da ke kama ta kuma bakinta ya kalli ƙasa, yadda nauyin fil ɗin zai ƙara danna allurar ciki.

Na uku nauyi. Shifon ba ya ɗaukar kaya. Ki rage kaurin yumɓun, kuma ki haɗa wa duk wadda kika ba ɗan guntun ƙyalle mai kauri, ta sa ta ciki, allurar ta bi ta cikinsa, shi zai ɗauki nauyin. Ko ta haɗa da kafaɗar rigar da ke ƙasa.

Zulai:
In ƙara a kan na Malam. Ummi, kada ki yarda da gam ɗin nan na bindiga wajen liƙa allura, rana ɗaya mai zafi ya saki. Ki ɗora allurar, ki rufe gindinta da siririn fallen yumɓu, ki sake gasawa, ta zama a cikin jiki take. Ki bi zafin da aka rubuta a takardar, yumɓun Fimo digiri 110 ne a ma'aunin Celsius, wasu sun fi haka. In bai gasu ba karyewa yake yi, in ya ƙone hayaƙinsa ba shi da kyau.

Ummi:
Allah ya saka da alheri. To maganaɗisu fa? Na ga ana yi, babu huda sam.

Sadiya:
Nan zan sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Maganaɗisun da ake sa wa fil ƙanana ne amma ƙarfinsu ya wuce yadda ake zato. Duk mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ana gargaɗinsa ya nisanta maganaɗisu da ita aƙalla santimita 15, fil kuwa daidai wurin ake maƙala shi. Sannan yara. Idan yaro ya haɗiye guda biyu, suna iya kamo juna ta jikin hanji su huda shi, sai tiyata. Na ciki kuma shi ne mai saurin faɗuwa ba a sani ba. Wannan ya shafi maganar da muke yi kai tsaye: ke kin san wadda kika ba, ba ki san wadda za ta ba ba. In kin yi da maganaɗisu, ki rubuta a takardar da za ki haɗa.

Haka sinadarin nikel da ke cikin allurai masu araha. Mutane da yawa jikinsu ba ya ɗaukarsa, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Tarayyar Turai tun 1994 ta sa doka a kan yawan da kayan da ke taɓa fata za su iya fitarwa. A kan kwat ba matsala, amma mai kama mayafi a ƙarƙashin haɓa, ga gumi, ƙarfen na goga fata duk yini.

Hajiya Mairo:
To ni bari in kawo ta aro, don ita ta fi damuna. Ina da su da dama, kuma ina jin daɗin ba da aro, har nakan zaɓa wa mutum wanda ya dace da kayansa. Amma akwai wani da aka yi mini na gilashin da ake narkawa a kan jan ƙarfe, shuɗi mai duhu da ɗigon fari kamar an yayyafa. Na ba 'yar ƙanwata. Ya dawo da tsaga daga gefe zuwa gefe, ta ce faɗuwa ya yi a kan tayil. Wadda ta yi shi ta ce ba ya gyaruwa sai an sake mayar da shi wuta, kuma launin ba zai dawo yadda yake ba. Tun daga nan na raba su gida biyu, na fita da na zama.

Malam Habu:
Gaskiya ta faɗa miki, Hajiya. Garin gilashi ne ake barbaɗawa, a gasa a zafin da ya kai digiri 750 zuwa 850, ya narke ya kama ƙarfen. Gilashi ne dai har gobe. Ki duba bayansa: in ba a shafa masa shi ta baya ba, ya fi saurin tsagewa, don ƙarfe da gilashi ba tare suke miƙewa da takurewa ba, sai an daidaita su ta fuska biyu.

Anti Larai:
Ni ba na ba da aro, ba na karɓa. Kayan aro ba ya rufe katara. Wadda na ga tana so da gaske in yi mata nata. Abin da ya fi aro ciwo ma shi ne hoto. Na taɓa sa hoton wani furen da na ɗauki lokaci ina gwada yadda zan jera duwatsunsa su yi duhu a tsakiya su washe a gefe. Ba a jima ba sai ga irinsa sak a shafin wata, har da yadda na karkata ganyen, tana karɓar oda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zulai:
Anti, na ji zafin, amma ina so mu bambance. Dukanmu da kwaikwayo muka koya. Allurar da muke ta magana ma ba ɗayanmu ya ƙirƙiro ta. Tun kafin Girkawa da Rumawa mutane ke kama mayafansu da irin wannan, kuma fil mai rufi da muke amfani da shi kullum Walter Hunt ne ya yi masa rajista a Amurka a 1849. Matan Amazigh a Maroko da Aljeriya suna da nasu na azurfa masu kusurwa uku, biyu a haɗe da sarƙa, ɗaya a kowace kafaɗa, su ke riƙe tufar. Na yankin Kabiliya har da gilashin shuɗi da kore da rawaya da murjani. Na ɗauki siffar kusurwa ukun nan na yi nawa da fata, kuma duk wanda ya tambaya ina faɗa masa daga ina na gani. Laifin waccan matar biyu ne: ta kwafe sak, kuma ta yi shiru da sunanki. Da Ummi za ta gwada irin furenki don koyo, ta rubuta cewa daga wurin Anti Larai ta gani, za ki ji haushi?

Anti Larai:
Wannan ba zan ji ba, daɗi ma zan ji. Amma ta tambaye ni kafin ta sayar.

Bashir:
Mu masu sakawa ma da namu nauyin. In ka sa hoto, ka ambaci wanda ya yi. In an tambaye ka a hanya, ka faɗi sunan. Ni har katin mai yin nawa nake ajiyewa a aljihu, don tambayar ba ta ƙarewa.

Amma ina da tambaya ga maƙera, kuma da gaske nake yi. Ina ganin hotunan wasu na zamani, an yi da takarda, ko gutsuren roba, ko siminti, har da tsohon murfin kwalba. Wannan ma kayan ado ne? Ni har yanzu raina ya fi kwanciya da azurfa da katako.

Zulai:
Yaya Bashir, tambayar nan ta fi shekara hamsin ana yin ta. A shekarun 1960 Gijs Bakker da Emmy van Leersum a Holan suka fara yin kayan ado da ƙarfen goran ruwa, wato alminiyom, da gangan, don su nuna cewa tunanin da ke cikin abu da yadda ya zauna a jiki sun isa su ba shi daraja. A birnin Munik na Jamus akwai baje kolin da ake kira Schmuck, tun 1959 ake yin sa, kuma fil na cikin abin da ya fi yawa a wurin, saboda fili ne ɗan ƙarami da mai fasaha zai yi abin da ya ga dama a kai, ba ruwansa da girman yatsa ko wuya. Ina da wani na takarda, falle-falle aka jera aka matse aka yanka, gefen ya fito da layi-layi kamar katako. Ba ya da nauyi ko kaɗan, shi kaɗai nake iya sa wa siliki hankali kwance. Ruwa ne kawai abokin gabarsa.

Malam Habu:
Ni ba na faɗa da takarda ko siminti. Abin da ba na yafewa shi ne a fake da sunan fasaha a yi aikin ganganci. Ka yi da duk abin da ka so, amma allurar ta buɗe ta rufe, kada ta yage tufa, kada ta soki mai rungumar yaro. Na ga na zinariya da bayansa abin kunya ne, na ga na murfin kwalba da aka gama shi tsaf.

Bashir:
To zan gwada na takardar in gani. Zulai, in kin san mai yi ki tura mini ta gefe.

Yaya Asabe:
Na bi maganar tun daga sama ban ce komai ba. Ga shawara, tunda da yawanmu na son aikin juna: mu yi musaya. Duk mai so ya rubuta sunansa a ƙasa, in haɗa mutane biyu-biyu. Kowa ya tambayi abokin musayarsa irin tufar da ya fi sakawa da ko jikinsa na ƙin wani ƙarfe. A sa alama a baya. A haɗa da 'yar takarda mai sunan wanda ya yi, da abin da aka yi da shi, da yadda ake kula da shi. In kuma mai yi ba ya so a ba wani, ya rubuta ƙarara, kada a bar mutum da zato. Masu sakawa da ba sa ƙerawa su ma su shigo, su ba da wanda suke da shi na hannu, da sunan mai shi.

Anti Larai:
A sa ni. Nawa zan rubuta a kai cewa ba na bayarwa ba ne.

Malam Habu:
Ni ma a sa ni. Nawa a ba duk wanda aka ga dama, in dai za a saka.

Ummi:
Ni ma, in an yarda da na 'yan koyo. Me zan rubuta a wajen kula da shi? Kuma in azurfa aka ba ni, yaya zan yi kada ta yi baƙi?

Malam Habu:
An yarda mana. Ki rubuta: a fesa turare a bari ya bushe kafin a saka, a cire kafin wanki, kada a jefa shi cikin jaka tare da makullai. Azurfa kuma, in kin ga lamba 925 a baya, ma'anarta kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Farar wutar da ke cikin iska ce ke baƙanta ta, kuma robar ɗaure kaya na da ita, kada ki naɗe da roba. Ki goge da ƙyalle mai laushi bayan kin cire, ki sa a 'yar leda mai zif, da guntun alli a ciki ya tsotse damshi. In kin ga baƙi a cikin ramukan zanen kada ki kankare, sau da yawa maƙerin ne ya sa da gangan don zanen ya fito. Masu tagulla da jan ƙarfe kuma su shafa ɗan kaki a baya su goge kafin su aika, in ba haka ba gumi zai sa ya bar kore a jikin farar riga.